DARASIN LAFIYA: Ciwon Ƙwaurin Da Tushensa Ke Cikin Jijiyar Jini

 

A gidajenmu, kusan duk ciwon da ya kama ƙafa ko ƙashi suna ɗaya muke ba shi, wato sanyi. In ya daɗe a ce amosani ne. In ya ƙi jin magani sai a fara raɗe-raɗin ko mutum ya taka wani abu a hanya. To darasinmu na yau a kan wani ciwon ƙashi ne da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda ƙashin ke kuka amma ɓarnar a jijiyoyin jini take. Wanda ya gane shi da wuri zai iya tsira da ƙodarsa da hanjinsa, kai har da ransa. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

*1. Ƙashi abu ne mai rai*

Da yawanmu muna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce, saboda irin wanda muke gani a cikin miya. Ƙashin da ke jikinka ba haka yake ba. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma kowanne yana shan jini dare da rana. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kamar maigidan da ba ya barin yaɓe ya tsufa a katangarsa.

Kowane ƙashi yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ƙarfi, irin wanda kake gani manne da ƙashin rago in ana fiɗa. Wannan tantanin cike yake da ƙananan jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa in ka buge ƙwaurinka da turmi ko bakin gado sai ka ji har cikin ranka. A ƙarƙashinsa kuma akwai ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Su ne ke tashi su yi aiki idan an samu karaya, har a ga wajen ɗorin ya yi ƙulli. Ka riƙe wannan: duk abin da ya dami tantanin nan, amsar da ya sani guda ɗaya ce, ya gina ƙarin ƙashi.

*2. Cutar da muke magana a kanta*

Likitoci suna kiranta foliyatiraitis nodosa, a taƙaice PAN. Ma'anar sunan ita ce kumburin jijiyoyin jini masu yawa, mai ƙulli-ƙulli. Wasu likitoci biyu a garin Firaibog na ƙasar Jamus, Adolf Kussmaul da Rudolf Maier, su ne suka yi bayaninta dalla-dalla a shekarar 1866. Wani matashin tela ne ɗan shekara 27 ya zo musu da zazzaɓi da ciwon ciki da rama da mutuwar gaɓɓai, bai daɗe ba ya rasu. Da suka bincika gawarsa sai suka tarar da ƙulle-ƙulle jere a jikin jijiyoyin jininsa kamar an zura duwatsu a zare.

Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta juya kan bangon jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki, musamman matsakaita daga cikinsu. Bangon ya kumbura. Daga nan ɗayan biyu: ko hanyar ta tsuke jini ya kasa wucewa sosai, ko bangon ya yi rauni ya bunƙuro kamar tsohon tiyo, wanda zai iya fashewa. Duk gaɓar da ke shan jini ta wannan hanya sai ta shiga yunwa.

Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, maza sun ɗan fi mata, amma tana kama matasa har da yara. Ba a ɗaukarta ta hanyar zama da mai ita ko cin abinci a kwano ɗaya. Akwai mai tsayawa a fata da tsokar ƙafa kawai, akwai kuma mai shiga ƙoda da hanji da jijiyoyin motsi, wadda ita ce mai haɗari.

*3. Abin da take yi wa ƙashi*

A wasu 'yan kaɗan daga cikin masu wannan cuta, kumburin yana sauka a jijiyoyin da ke ciyar da tantanin ƙashi da tsokar da ke kewaye da shi. Tantanin ya fusata, sai ya shiga gina sabon ƙashi a kan tsohon, alhali babu karaya, babu buguwa. Wurin da aka fi ganin haka shi ne dogayen ƙasusuwa biyu na ƙwauri, tsakanin gwiwa da idon sawu, sau da yawa a ƙafa biyun.

Ga yadda mai shi yake ji:

• Ciwo mai zurfi a ƙwauri, mako da makonni, wani lokaci watanni.
• In aka danna gaban ƙwaurin sai ya zabura.
• Wurin ya kumbura, ya ɗau ɗumi, tsokar sha-raɓa ta yi tauri tana ciwo.
• Tafiya da doguwar tsayuwa su gagara.
• A fatar da ke saman wurin a ji wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu zafi, ko gyambo ya ɓalle kusa da idon sawu ya ƙi warkewa.

Idan aka ɗauki hoton ƙashi, maimakon gefen ƙashin ya fito sumul kamar yadda aka saba, sai a gan shi da kauri da tudu-tudu, kamar an yi yaɓe a kan yaɓe ba a shafe ba. Wani lokaci wannan ciwon ƙwaurin shi ne abin da ke fara bayyana tun kafin sauran alamomi, shi ya sa ake daɗewa ana maganin sanyi.

Akwai 'yar'uwar wannan cuta da ita ma ke barin tambari a ƙashi, ana kiranta cutar Takayasu, sunan wani likitan ido ɗan ƙasar Jafan da ya ba da rahotonta a 1908. Ita babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da manyan rassanta take kamawa, kuma ta fi samun mata 'yan ƙasa da shekara 40. Takan sa a nemi bugun jini a wuyan hannu a rasa, ko awon jini na hannun dama ya bambanta da na hagu sosai. In babbar jijiyar ta tsuke, jini yakan nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke bin ƙarƙashin haƙarƙari. Su kuma su faɗaɗa, su riƙa bugun ƙashin shekara da shekaru har su yi masa giɓi-giɓi da ake gani a hoton ƙirji. Ka ga ke nan, a PAN ƙashi ƙaruwa yake yi, a Takayasu kuma zaizayewa, amma duk labarin jijiyar jini suke bayarwa.

*4. Alamomin da in sun haɗu da ciwon ƙafa, kada a tsaya*

Ciwon ƙwauri shi kaɗai ba ya nuna PAN. Abin lura shi ne abokan tafiyarsa:

1. Zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, an sha maganin maleriya da na taifot an gaji.
2. Rama ba dalili, mutum ya zubar da kilo 4 ko fiye ba tare da ya rage cin abinci da gangan ba.
3. Hawan jini da ya bayyana kwatsam, musamman ga wanda bai manyanta ba. Wannan alama ce ta cewa jijiyoyin ƙoda sun taɓu.
4. Ciwon ciki da ke tasowa bayan cin abinci, har mutum ya fara tsoron ci. Ko a ga jini a bayan gida, ko ya fito baƙi ƙirin.
5. Dindiris ko zafi kamar barkono a tafin ƙafa ko hannu. Ko ƙafa ta riƙa ja a ƙasa, silifa na zamewa mutum bai sani ba. Ko wuyan hannu ya saki, riƙe buta ya gagara.
6. Ciwon maraina ga namiji ba tare da buguwa ba.
7. Wani zane-zane kamar raga a fatar ƙafa. A baƙar fata yana da wuyar gani, sai an duba a hasken rana.
8. Ɗan yatsan ƙafa ko na hannu ya yi sanyi, ya fara baƙi.

Maigida, uwargida, in kun ga biyu ko uku daga cikin waɗannan tare da ciwon ƙafar da ya wuce mako biyu zuwa uku, maganar kemis ta ƙare. Idan kuwa ciwon ciki ne mai tsanani, ko yatsa ya yi baƙi, ko ƙafa ta saki farat ɗaya, to a ranar za a tafi asibiti, ba a jira gobe.

*5. Ba kowane kumburin ƙwauri ne PAN ba*

Kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. Cututtukan da ke sa tantanin ƙashi ya yi kauri suna da yawa, kuma galibinsu sun fi PAN yawa a wajenmu nesa ba kusa ba. Akwai sikila. Akwai ƙwayar cuta da ke shiga ƙashi ta tara ruwa, wadda ta fi kama yara. Akwai tsohon gyambo da ya daɗe a kan ƙwauri. Akwai tarin fuka na ƙashi, da tunjere, da ciwon daji na ƙashi. Akwai kuma cutar huhu ko ta zuciya da ke sa ƙashin ƙafa da na hannu su yi kauri, kan yatsu su yi gunduma-gunduma, farce ya lanƙwashe.

Dalilin kawo wannan jeri shi ne, maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Maganin PAN yana kwantar da garkuwar jiki. In aka ba wanda ƙwayar cuta ce ke cin ƙashinsa, an buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Sai an auna.

*6. Alaƙarta da ciwon hanta*

Nan ne darasin ya fi shafarmu. Tun wajen 1970 aka gano cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya tayar da PAN. Garkuwar jiki tana kama ɓurɓushin ƙwayar cutar, su dunƙule tare, su maƙale a bangon jijiya, kumburi ya tashi. Yawanci hakan na faruwa ne a watannin farko bayan kamuwa, wani lokaci mutum bai taɓa ganin idonsa ya yi shawara ba. A ƙasashen Turai irin su Faransa, da aka yawaita riga-kafi da tantance jini kafin a ƙara wa mutum, wannan nau'in PAN ɗin ya ragu ƙwarai.

Mu kuwa yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin wuraren da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya. Hanyoyin yaɗuwarsa kuma a cikin harkokinmu na kullum suke: askar wanzami da ba a canza ba, almakashin mai yankan farce da ke zagaya kasuwa, reza ɗaya a gida, allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, saduwa, da kuma uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Nijeriya ta sa allurar riga-kafin wannan cuta cikin jerin alluran yara tun 2004. Ana son jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Wanda aka haifa a gida ma a kai shi a ranar, kada a jira suna. Babba kuma ya je a gwada shi, in ba ya ɗauke da ita ya karɓi allurai uku cikin wata shida. Yawancin masu ciwon hanta ba za su taɓa samun PAN ba, amma wanda ya toshe wannan ƙofa ya kare kansa daga ita da kuma lalacewar hanta da dajin hanta gaba ɗaya.

*7. Abin da za a yi a asibiti*

Babu gwajin jini guda ɗaya da ke cewa ga PAN. Likita yana haɗa hujjoji ne. Zai auna jini, ya duba fitsari da aikin ƙoda, ya gwada alamun kumburi a jini, ya gwada ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Zai sa a ɗauki hoton ƙashi, wataƙila da MRI. Tabbaci kuma yana zuwa ne ta ɗayan hanya biyu: a yanki ɗan ƙaramin nama daga fata ko tsoka ko jijiyar da ta taɓu a duba a madubin likita, ko a ɗauki hoton jijiyoyin ƙoda da na hanji a ga tsukewa da bunƙurowar nan.

Mutanenmu suna tsoron a yanki nama, suna ganin shi ke tayar da ciwo. Abin da ake ɗauka ɗan mitsitsi ne, bayan an kashe zafin wurin, kuma shi ke raba gardama tsakanin PAN da daji da ƙwayar cuta. Irin wannan bincike a manyan asibitoci ake samunsa, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ka nemi likitanka ya rubuta maka takardar turawa zuwa ga likitan gaɓɓai da garkuwar jiki.

Albishir kuma shi ne, cutar tana jin magani. A da, kafin a samu magungunan yanzu, mafi yawan waɗanda ta shiga musu ciki ba sa kai shekara biyar. Yau mafi yawan waɗanda aka gano da wuri suna rayuwa suna harkokinsu. Ciwon ƙwaurin ma yakan lafa da zarar kumburin jijiyar ya kwanta, ko da kaurin ƙashin bai gushe daga hoto nan take ba.

*8. Hattara: maganin ma yana taɓa ƙashi*

Ginshiƙin maganin PAN shi ne sitiroyid, irin su firedinisolon. In cutar ta yi tsanani a haɗa da wasu masu danne garkuwar jiki. In kuma ciwon hanta ne ya tayar da ita, tsarin daban ne: sitiroyid na ɗan lokaci kaɗan, sannan maganin ƙwayar hantar kanta, irin su tenofobir. Domin in aka daɗe ana ba mai ciwon hanta sitiroyid ba tare da wannan kariya ba, ƙwayar tana samun sarari ta hayayyafa ta illata hantar.

To ga inda matsalar take. Wannan sitiroyid ɗin, da ɗan'uwansa deksametason da ake ce wa deksa, ana sayar da su a kemis da tallan bakin tasha kamar gyaɗa. Suna cikin haɗin da ake ƙulla wa mai ciwon jiki a leda, suna kuma cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Mai PAN in ya sha zai ji sauƙi cikin kwana biyu, ya ce ya dace da magani. Ya daina, ciwo ya dawo, ya sake saya. A haka alamomin ke ɓuya, gwaji ya rikice, cutar kuma tana cin ƙoda a ɓoye.

Shi kansa sitiroyid in an daɗe ana sha yana yi wa ƙashi illa iri biyu. Na farko, yana zuƙe ƙarfinsa ya zama kamar iccen da gara ta ci, kuma zaizayar ta fi sauri a watannin farko. Ƙashin baya yakan iya burmawa daga ɗaga bokitin ruwa kawai. Na biyu, yana iya kashe kan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu, mutum ya fara jin ciwo a matse-matsi, ya koma ɗingishi. Ga hawan jini da hawan suga da kumburin fuska a kai.

Wanda likita ya ɗora a kan wannan magani, ya kiyaye waɗannan:

• Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka daina farat ɗaya. Jiki ya saba da shi, yankewa kwatsam tana iya jefa mutum cikin suma. A hankali likita ke saukar da shi.
• In za ka sha wata uku ko fiye, tambayi likita maganin kare ƙashi da sinadarin kalsiyam da bitamin D.
• A yawaita nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.
• A riƙa shan hantsi. Uwargida da ba ta fita, ki zauna a tsakar gida rana ta taɓa hannuwanki da ƙafafunki.
• A rage gishiri da dunƙule da kayan zaƙi. Zuma ma a yi ta da awo, domin maganin yana ɗaga suga.
• A guji yawan shan diklofenak da ibufurofen, suna ƙara wa ƙoda da ciki nauyi.
• Kafin azumi a zauna da likita. In ya ga za a iya, yawanci da sahur ake mayar da shan maganin.

*9. Ƙaho, tsaga da ɗori*

Tambayar da muka san za ta zo ke nan. Ƙwaurin da ya kumbura saboda jini ba ya isarsa, ba wurin sa aska ba ne. Fatar wurin a yunwace take, ƙaramar tsaga tana iya zama gyambon shekara, balle ga wanda ke shan maganin danne garkuwa. Don haka kada a yi ƙaho ko sakiya ko tsaga a kan irin wannan ƙafa. Kada kuma a kai wa maɗori ya ɗaure da karare, tunda babu karaya, ɗaurin ƙara toshe jinin zai yi. Haka gashi da ruwa mai zafi ƙwarai, domin ƙafar da ta yi dindiris tana ƙonewa mai ita bai ji ba.

Mai lafiya da ke son yin ƙaho kuma, ya tabbatar an buɗe sabuwar reza a gabansa, kayan kuma nasa ne shi kaɗai ko an dafa su. Kuɗin reza bai kai kuɗin jinyar hanta ba. Duk wani jiƙo ko haɗin gargajiya da mara lafiya ke sha, a faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye, don ƙoda da hantar da ke fama ba kowane abu suke iya ɗauka ba.

*10. Aikin da ke gabanka a wannan makon*

Ɗaya, in akwai mai ciwon ƙafa da ya daɗe a gidanka, zauna da shi ka bi jerin alamomin nan na lamba 4 ɗaya bayan ɗaya. Biyu, a auna masa jini a hannu biyun, dama da hagu. Uku, a tattara duk ledojin maganin da yake sha a tafi da su asibiti, har waɗanda ba su da suna. Huɗu, kai da iyalinka ku je gwajin ciwon hanta, ku duba katin riga-kafin yara ku ga ko allurai sun cika. Biyar, kowa ya mallaki rezarsa da abin yankan farcensa.

Wanda ke da tambaya ya turo, za mu tattara mu amsa a darasi na gaba in Allah ya kai mu. A tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, wataƙila akwai wanda ya daɗe yana maganin sanyi alhali ba shi ne ke damunsa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin.